Kifin da Na Auna Sau Huɗu

Nazifi, kifa wayar nan ka saurare ni, tunda kai ka tsokano. Tun da muka fito daga masallaci kake gaya wa abokanka wai Baba Hamisu ba aiki yake yi ba, kuɗin shan iska ake biyansa. Wai in ƙafarka ta gaji da tsayuwar gadi a mol za ka zo in saka ka a layinmu, ka riƙa hawa jirgin ruwa da Turawa kana cin gasasshen kifi. To madalla. Shekara biyar ke nan ina wannan aiki a Dubai, a cikinku wa ya taɓa ganin hotona a kan jirgi? A bakin tasha nake tsayawa, kan siminti, rana tana dukan ƙeyata, ina jiran waɗanda suka je shan iskar su dawo su shara min ƙarya.

Ga yadda abin yake, don na ga har Abba da ke karatun injiniya yana min kallon bai gane ba. Akwai jiragen haya da suke kai mutane fatsa cikin teku, awa huɗu ko shida, don nishaɗi kawai. Ba masunta ba ne, rabinsu ma ba su taɓa ganin kifi da kansa a jikinsa ba sai ranar. Amma kifin da suka cire daga ruwa ya fita ke nan, kuma hukuma tana son sanin yawansa. Sai ta ba wani kamfani kwangila, kamfanin ya ɗauki irinmu ya tsayar a tashoshi. Jirgi ya dawo, ka tare shi. Mutum nawa suka jefa ƙugiya? Awa nawa ƙugiyar ta yi a ruwa? Me aka kama, me aka mayar? Sannan ka buɗe kula ka auna abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. A baki dai, aikin ke nan.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Allon awo ne babba, na roba mai kauri, da matokari a kai ɗaya inda ake dangana bakin kifi. Sai sikeli mai ƙugiya, sai safar hannu, sai filaya, saboda barakuda, wata kifanya mai kaifin haƙora, ko ta mutu ba ta da amana. Ku dubi yatsan nan, aikinta ne. Da fensir muka fara rubutu, don biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Kuma kada ku zata a nan na fara riƙe allo. Shekara goma sha huɗu na yi a madatsar Tiga ina auna karfasa da tarwaɗa a bakin kwale-kwale. Sai dai masuncin Tiga rage kamunsa yake yi, ya tura rabi ƙarƙashin ciyawa, don yana zaton haraji ka zo sa masa. Na nan ƙarawa yake. Na baro masu ɓoye kifi na zo wurin masu ƙirƙiro shi, kuma wallahi na gida sun fi daɗin sha'ani.

Kifin farko da na auna a garin nan hamur ne, wani mai ƙaton baki da ɗigo-ɗigo a jiki, a ƙarshen 2016. Wanda ya koya min aiki wani dattijo ne ɗan Sudan, Ustaz Babikir, siriri, mai furfura, ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure. Na shimfiɗa kifin a allo yadda na saba, na karanta lamba. Ya ce sake. Na sake. Ya ce, "Ya zol," wato kai mutum a Larabcinsu, "dubi hannun mai kifin." Ashe Baturen da ya kamo shi ya sunkuyo kamar mai taya ni aiki, ya riƙe wutsiyar da yatsa biyu yana ja a hankali. Santimita uku ya ƙara masa a kan idona ban gani ba. Babikir ya ɗauke hannun mutumin cikin ladabi, ya rufe bakin kifin, ya danna shi jikin matokari, ya ce, "Baki a rufe, wutsiya a sake, mai kifi a can gefe." Har yau da haka nake aiki.

Sauran na koye su a hankali. Ka tambayi mutum awa nawa ƙugiyarsa ta yi a ruwa, ya ce shida, alhali awa biyu aka yi ana tafiya, awa ɗaya ya yi yana amai a gefen jirgi, sauran kuma yana ɗaukar kansa hoto. In zai yi hoton da kifi sai ya miƙe hannuwa gaba iyakar tsawonsu, ya janye kansa baya, ƙaramin abu ya fito ya kai ƙirjinsa. Wanda ya tsinke zare ya gudu kuwa, kai! Ban taɓa jin ƙaramin kifi ya kuɓuce a tekun nan ba. Duk wanda ya gudu ya kai ƙyauren ɗaki. Wani ma ya taɓa cewa in rubuta masa wanda ya gudun, wai ai ya taɓa jikin jirgi. Na ce masa in ya dawo ya turo min shi.

Amma duk wannan wasa ne. Abin da ya kusa mayar da ni Kano tun ban yi wata huɗu ba, ba ƙaryar kowa ba ce, tarbiyyar gidanmu ce.

Da Babikir ya bar ni ni kaɗai a tasha, sai na riƙa yin abin da kowane ɗan mutunci zai yi. Jirgi ya dawo da ihu da tafi, in je in yi musu barka in auna. Jirgi ya dawo shiru, magidanci ya sauko fuska a murtuke, matarsa da 'ya'yansa a bayansa, kula tana kaɗawa babu komai sai ƙanƙara, sai in kau da kai in shiga goge allona. Ku gaya min, a gidan wa aka koya muku ku tare babban mutum da ya dawo hannu rabbana, ku ce masa nawa ka kamo, a gaban iyalinsa? A Tiga in masunci ya dawo haka, iyakarka ka ce Allah ya ba da sa'a gobe, ka bar shi ya wuce da mutuncinsa. Haka na yi ta yi wata uku, ina jin kaina mutumin kirki.

Sai aka kira ni ofis, can Al Quoz, wani bene a tsakiyar manyan sito-sito. Shugabarmu wata 'yar Filifin ce, gajeriya, Madam muke ce mata, ba ta ɗaga murya amma in ta cire tabarau ka san ta ɓaci. Ta cire tabarau. Ta juyo min da kwamfuta ta ce, "Mista Hamisu, wata uku a tasharka babu jirgi ko ɗaya da ya dawo babu kifi. Sauran tashoshi kullum ana samu. Ko dai kana zama a inuwa kana ƙirƙirar lambobi, ko kuma tasharka ba a tekunmu take ba. Wanne ne?"

Na ce, "Madam, ko ɗaya. Waɗanda ba su kama komai ba ai babu abin aunawa. Kuma a wurinmu ba a kunyata mutum."

Babikir yana ofishin, ranar na fara jin dariyarsa da kyau, har da riƙe ciki. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce aikin wata ukun duka ya lalace, don in aka bi takarduna sai a ce teku ya cika maƙil da kifi, a saki kowa ya yi ta kwasa. Ta ba ni takardar gargaɗi na sa hannu, ta ce babu ta biyu, ta biyun tikiti ce. Ku kuma kun san yadda garin nan yake, bizarka a jikin kwantiraginka take, ya tsinke ta tsinke. Daga ranar aka sa doka, duk jirgin da mai gadin tasha ya rubuta ya shigo a lokacin aikina, dole a ga fom ɗinsa a wurina. Da muka sauko Babikir ya dafa ni ya ce, "Ya zol, labarin babban kifi kowa zai ba ka kyauta. Sifirin nan da kake jin kunyarsa, shi ake biyanka ka ɗauko."

To kun ji ainihin sana'ar. Na koyi tare mutum da fuskar da ba ta san kunya ba. Akwai wani Balarabe mai farar kandura, doguwar rigarsu, da ya sauko da abokansa biyar babu ko ɗan tsako, na matsa na yi sallama na ce nawa aka kama. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Kai makaho ne?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, amma sai na ji daga bakinka. Ya ce khalas, rubuta babu, rubuta da manyan baƙi. Na rubuta. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama in na ga jirgi ya dawo shiru, shi nake fara nufa, har kyaftin-kyaftin suka sa min suna Abu Sifir, wato Uban Sifiri. Daga baya kamfani ya karɓe fensir da takarda ya ba mu wata babbar waya mai faɗin faranti. Abin da ka danna ya tafi ofis nan take, ba gogewa, kuma duk kifin da ya wuce mita ɗaya sai ka ɗauke shi hoto a kan allo.

Sai shekarar korona ta zo. Ba sai na ba ku labarin kulle ba, kun sha naku. Jirage suka yi ta lilo a ɗaure, gansakuka ta kama gindinsu. Mu shida ne masu awo, aka sallami huɗu, har da Babikir, ya tattara ya koma ƙasarsu. Aka bar ni da wani ɗan Indiya, kuma Madam ta faɗa mana a fili cewa a ƙarshen shekara mutum ɗaya za a riƙe. Shi takardarsa fes take, ni ina da gargaɗi a tawa. Filat ɗin da nake da gado a ciki a Al Sabkha ya watse, don duk abokan zamana aiki ya tsaya musu. Na tsinci kaina da jaka biyu da allon awo, ban san inda zan sa haƙarƙarina ba, ga 'ya'ya biyar a Kano suna zaton ubansu yana shan daɗi a Dubai.

Alhaji Isufu ne ya ɗauke ni. Mutumin Maraɗi ne, yana harkar kago a Murshid Bazaar, kwalaye da dilolin yadi da takalma zuwa Yamai. Sanayyar masallaci ce kawai tsakaninmu. Da ya ji halin da nake ciki bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Bon," wato to a Faransancinsu, "Malam, akwai ɗaki a wurina, kwali ne a ciki, a fitar da kwali." Wata bakwai na yi a gidansa. Abin da matarsa Hajiya ta dafa shi nake ci. In baƙi suka zo sai ya ce musu ni malamin kifi ne na hukuma, ya roƙe ni na zauna da shi don in riƙa ɗebe masa kewa. Ban taɓa jin ya gaya wa kowa gaskiyar abin da ya kawo ni ba.

Da sanyi ya fara shigowa jirage suka koma ruwa, amma masu haya ƙalilan ne, kowane kyaftin yana neman hoton da zai jawo masa mutane. Wata safiya jirgin wani da zan kira Kyaftin Jamal ya dawo da kanad. Kanad dogon kifi ne mai sulɓi da launin azurfa, shi ne abin da kowa yake zuwa nema, kamar yadda ake ji da giwan ruwa a gida. Wannan kuwa babba ne na gaske. Santimita ɗari da goma sha takwas, cikin kunnensa ja wur, ido garau, sai wata 'yar tsaga a saman wutsiyarsa kamar an yanka da almakashi. Wani Bature ne ya kamo shi da guminsa. Na auna, na ɗauki hoto, na tura. Baturen a otal yake, ba shi da inda zai kai kifi, ya bar wa kyaftin ya tafi.

Bayan kwana shida jirgin ya sake dawowa da ihu. Wasu 'yan Rasha ne, miji da mata, sun kamo ƙaton kanad. Na ɗora a allo. Ɗari da goma sha takwas. Na dubi wutsiya, ga tsaga. Na ɗaga kunne, ya koma ruwan ƙasa. Na danna cikinsa da yatsa, sanyi ya harbe ni. Na jira suka gama hotunansu suka tafi, na ce, "Kyaftin, ni da wannan bawan Allah mun taɓa haɗuwa."

Ya ja ni gefe. "Habibi, shwayya shwayya, bi ni a hankali. Wata shida ban ga kowa ba." Shi da bakinsa ya gaya min yadda ake yi. Kifin a firiza yake kwana. Da safe a fito da shi ya saki, a ɓoye a bayan jirgi. In an yi awa uku babu abin da ya taɓa ƙugiya, mutane sun shige ciki wajen sanyi kansu yana juyawa, sai abokin aikinsa ya maƙala shi a zare ya sake shi a ruwa. Kyaftin ya ɗan ƙara wa inji wuta, sandar fatsa ta lanƙwashe, a kwarma ihu, yalla yalla! Mai haya ya fito da gudu ya yi ta kokawa da gawa minti goma. Da an jawo shi kusa sai a kafta masa kulki a ka da sauri, wai kada ya ciji wani. Kifin da ya rasu tun makon jiya ana ƙara kashe shi.

Na duba fom sama da ƙasa, babu gurbin da aka tanada wa irin wannan. Tambayar dai ita ce me aka kama yau, amsar kuma babu. Na danna sifiri. Bayan kwana takwas muka sake gamuwa, wannan karon da wasu samari 'yan Birtaniya, na sake danna sifiri. Baƙi ba sa duba abin da kake rubutawa, hotonsu ya ishe su. Shi kuwa kifin tsawonsa yana nan, nauyinsa ne yake raguwa, kansa kuma ya fara lotsewa saboda kulki. Har tausayinsa na fara ji.

Ran wata Asabar da hantsi ina tsaye a inda na saba, na hango farin jirgin Kyaftin Jamal yana shigowa, ana ta kabbara a ciki. Kabbara da muryar Hausawa. Alhaji Isufu ne a gaba, rigar ceto mai ruwan lemo a kan shaddarsa, takunkumi a haɓa, ya rungume kanad kamar jariri. A bayansa surukinsa ne, mahaifin Hajiya, wani tsoho mai farin gemu da ya zo daga Nijar ganin likita ya sauka a gidanmu. Sai ƙanen Hajiya, Musyu Hamani, ma'aikacin gwamnati mai tabarau da yawan tambaya. Ashe Alhaji ya ga hotunan kifin a waya, ya kama jirgin a asirce don ya fita kunyar surukinsa, bai gaya min ba wai don ya ba ni mamaki. To ya ba ni.

"Wala!" in ji Alhaji tun bai taka siminti ba. "Ga mutumina! Baba, ga malamin da nake gaya muku, duk kifin Dubai sai ya bi ta hannunsa. Malam Hamisu, zo ka auna, ka shigar da shi littafin hukuma su gani da idonsu."

Na shimfiɗa allo. Baki a rufe, wutsiya a sake. Ga tsagar nan tana kallona. Na ce, "Ɗari da goma sha takwas, Alhaji." Suka ɗauki salati. Kyaftin Jamal ya tsaya can baya yana murza igiyar da ba ta buƙatar murzawa.

Na ɗauko wayar ofis. Ba zan ɓoye muku ba, na nemi hanyar tsira ta ko'ina. In tsallake jirgin, mai gadi ya riga ya rubuta shi. In ce waya ta mutu, ga ta a kunne a hannuna, Hamani ya riga ya leƙo ta kafaɗata yana gyara tabarau. In danna ɗaya, sai ta nemi hoto, hoton ya tafi teburin Madam, ya kwanta kusa da na sati uku da suka wuce, tsawo ɗaya, tsaga ɗaya, jirgi ɗaya. Matar da ta gano babu sifiri a takardun wata uku ba wannan ne zai wuce ta ba. Saura wata ɗaya a zaɓi wanda za a riƙe. A ɗaya gefen kuma ga mutumin da tuwon gidansa ke cikina a daidai lokacin, yana murmushi a gaban uban matarsa. Tsoro ya kama ni, kunya ta kama ni, na rasa wanda ya fi ƙarfi.

Mutum nawa suka jefa ƙugiya, na danna uku. Awa nawa, na danna uku da rabi. Me aka kama. Na danna sifiri, na tura.

"Zero?" in ji Hamani da ƙarfi. "Malam, ka yi kuskure. Ka sa zero."

Na ce, "Ba kuskure ba ne, Musyu."

"To wannan fa da ke kwance? Mi ne ne shi?"

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma Hamani ba ya barin tambaya a ƙasa. Ya maimaita, ya juya ya kira kyaftin da Faransanci, ya sake juyowa kaina. Na ce a hankali, ina kallon allo, "Wannan ba kamun yau ba ne. Na riga na auna shi sati uku da suka wuce."

Ban iya ɗaga kai na dubi Alhaji ba, takalmansa kawai nake gani. Tsohon ne ya fara motsi. Ya gyara hularsa ya ce, "To, rana ta yi. A kai ni in yi alwala." Ya juya ya nufi mota. Alhaji ya cire rigar ceton, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a kan siminti, ya bi bayansa. Hamani ya tsaya yana shinshina kifin. Babu wanda ya ɗauke shi, ni na ɗaga shi daga allona na miƙa wa kyaftin.

Bayan La'asar na je shagon Alhaji a Murshid Bazaar. Ana ta ɗaure kwalaye da salatif, ƙara ta cika wurin. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani, gargaɗi, hoto, biza. Na ce, "Alhaji, cutarka aka yi. Ba kai ka kamo shi ba, kyaftin ne ya…"

Ya ɗaga min hannu. "Malam, kana tsammani ban sani ba? Da na rungume shi sanyinsa sai da ya ratsa min riga. Baba kuwa a Gaya ta Nijar aka haife shi, a bakin kogi ya girma. Tun kifin yana cikin ruwa ya ga ba ya kaɗa wutsiya. Amma shi ya fara kabbara, shi ya ce min sannu da ƙoƙari. Kyaftin ya sani, na sani, Baba ya sani, kowa ya riƙe wa kowa. Hamani ne kaɗai bai sani ba, shi kuwa Hamani ko a tudu bai san komai ba."

Na ce, "Alhaji, aikina ne."

"Bon. Na gane, aikinka ne." Ya ɗauki salatif ya juya shi a hannu. "Wata bakwai kana gidana, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ni minti ɗaya na nema."

Bai kore ni ba, kada ku ɗauki alhakinsa. Washegari ma an kawo min abinci kamar kullum, ni ne na kasa ci. Kafin sati ya zagayo na nemi gado a Al Quoz, cikin masu aikin sito, na kwashe jakata.

A ƙarshen shekara ni aka riƙe. Madam ba ta taɓa ambaton ranar ba, ban ma jin ta lura. Sifirin ya shiga cikin 'yan'uwansa, aka tara, aka raba, aka buga a wani rahoto mai kyan bango da ban san wanda ya karanta ba. Kyaftin Jamal yana nan yana aikinsa, har ɗaga min hannu yake yi.

Alhaji kuwa muna gaisawa. In na bi ta Murshid Bazaar na tsaya a ƙofar shagonsa, ya amsa sallama da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Akwai kujeru biyu a shagon, ɗaya kullum babu kowa a kai. Shekara guda ke nan, bai ƙara ce min in zauna ba.